Hanyar da Mangombe Ya Nuna

Yayana Mangombe mai cire zuma ne. Duk cikin ƙabilarmu ta Baka a yankinmu ba wanda ya kai shi hawan itace. Matarsa Asembe takan ce, "Ni dai biri aka aura mini."

Shekarar da aka fara zancen killace kurmi saboda giwaye, wani ma'aikacin ƙungiyar kare dabbobi mai suna Ekani ya zo daga Yawunde da na'urar auna ƙasa. Ya zauna a ƙasa cikinmu, ya ci doyar daji da hannu.

Ya ce wa Mangombe, "Baba, ka nuna mini duk inda kuke samun abinci. Abin da ya shiga takarda ya zama naku har abada."

Wata uku Mangombe na gaba, Ekani na biye. Ya nuna masa itatuwan zuma, da rafukan da muke tare kifi, har fadamar da giwaye ke lasar gishiri, wadda ba mu taɓa gaya wa baƙo ba. Da zazzaɓi ya kayar da Ekani, goya shi ya yi har bakin titi.

Bayan damina biyu aka shafa wa itatuwa jan fenti, aka ce iyaka ce, ba mai shiga. Duk abin da Mangombe ya nuna ya faɗa ciki. Ran da ya tsallaka ya ciro zuma, masu gadin kurmi suka tare shi a wata ɓoyayyar hanya, suka juye zumar, suka zane shi da gefen adda.

Ya ce, "Wa ya nuna muku nan?"

Ɗaya ya ɗaga taswira yana dariya. "Kai mana, tsoho!"

Na raka shi ofishin Ekani, tafiyar kwana biyu.

"Baba, wallahi ba ni na ja layin ba. Daga sama aka yi."

"Lokacin da nake goye da kai, ka san za a ja?"

Ekani ya sunkuyar da kai, ya tura masa lemon kwalba. Mangombe bai taɓa ba.

A gida ma bai tsira ba. Mutanenmu suka daina kiransa farauta, suna cewa shi ya sayar da kurmi. Bai taɓa musa musu ba. Ya koma sharar gonar koko ta wani, yana kallon motocin katako suna wucewa da gumagumai.

Bara ya rasu. Mu bakwai muka binne shi.