Ragon godiyar Yaya Haruna

Da daminar nan Yaya Haruna ya cika shekara arba'in da ɗaya a ƙasa. Na saba in yi masa sadaka in ja bakina, amma bana na ɗauki alƙalami, kuma ba daɗi ne ya sa ni ba.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A ƙauyenmu na kusa da Suki shi ne gafir, mai buɗe wa gonakin auduga ruwan tur'a, wato magudanar ban ruwa, ya rufe idan sun ƙoshi. A kan ƙofar ruwan nan ba shi da aboki. Ko surukinsa ne ya roƙi ƙarin sa'a guda, amsar ɗaya ce: "La, a'a, ya Haj. Ruwan da ba a ruhe ba shi ka kashe auduga."

Yana da tsohon gyambo a ƙwaurin hagu, inda wuta ta ƙone shi tun yana saurayi. Mai yini a cikin ruwa kuwa, yaushe gyambo zai warke masa? Shekara da shekaru yana ɗaure shi da tsumma. Sau ɗaya ya yarda muka kai shi asibiti a Madani, likita ya duba ya ce lallai mu dawo bayan wata guda.

Ba mu koma ba, domin a cikin watan ne ramin gyambon ya fara cikowa da nama, ja wur, kullum sai an ga ƙari. Inna ta kwance tsumman ta ce, "Ku diba, Allah ya kawo sauƙi, namanai ya taso." Muka yi karama, yankan godiyar da ake yi a nan idan mara lafiya ya tashi. Ni na sayo ragon a kasuwar Dinder, ni na kayar da shi. Unguwa ta ci, aka shafa fatiha, aka yi ta zolayar Yaya wai ya rasa hujjar gudun cirar auduga.

Naman ya cika ramin amma bai tsaya ba. Ya haura baki, ya yi tudu, ya fara wari, kaluluwa ta fito masa a matsematsi. Da muka koma Madani likitan bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce sankara ce, kuma ta riga ta wuce ƙafa. Yaya bai ga cirar audugar gaba ba.

Sai da 'yata Asiya ta fara aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibiti na fahimci abin da muka yi wa biki. Ta ce idan an ji rauni, jiki yana sakin wasu sinadarai da ke umartar ƙwayoyin nama su hayayyafa su toshe wurin, idan ya rufe umarnin ya yanke. Gyambon da ya daɗe a buɗe kuwa, umarnin ba ya yankewa. Ƙwayoyin su yi ta rabuwa har wata ta lalace, ta fara ba kanta umarnin, ko ta riƙa jin sa ba a ba ta ba. "Baba," in ji ta, "ƙofar tur'a ce ta ƙi ruhuwa."

Da Yaya yana raye, da ya riga ni gane wannan bayani. Ina jin da ya ga na'urorin Madani na yau sai ya jinjina kai, sannan ya tambaya ko mutanen ƙauye sun daina murna da nama don kawai ya taso.

Bai bar gona ba, bai bar ɗa namiji ba. Maganarsa ta ruwa ita ce ta rage mini, kuma bana ta hana ni sakat. Ni ma ina da gyambo a idon sawu, shekara shida ke nan tun da ciwon sukari ya kama ni. Makonni uku da suka wuce ya fara cikowa, ja wur. Ina jin tsoro ƙwarai.

Mai ɗakina ba ta ga ƙafar Yaya ba. Da ta ga tawa ta ciko sai ta yi hamdala, ta sa aka ɗaure rago a bayan ɗaki. "Malam, Juma'a za a yanka ko?"

Asabar Asiya za ta kai ni Madani. Na ce a ba ragon harawa tukuna.