Ashe Butar Shayina Ce

Jiya a ofishin makarantarmu nan Birnin Gwari na nemi sakamakon jarrabawar ɗalibai a kwamfuta, ta ce babu. Nan take gumi ya karyo min.

Madam Rifkatu, malamar kwamfuta, ta duba ta ce, "Malam Sani, sakamakon yana nan, jerin da ke nemo shi ne ya rikice. Wani yana cire wayar babbar kwamfutar da muke haɗe da ita ana cikin adana aiki."

Na ce, "Soket ɗin bayan ƙofa? Ai nan nake jona butar shayina."

Ta yi dariya har da hawaye, ta gyara jerin, komai ya dawo. Alhamdulillah.

Jama'a, wa ya taɓa cigiyar mai laifi ya tarar shi ne?