Ƙafar Hagun Sarkin Giya

A tasha Sarkin Giya ake ce masa, kuma duk baƙon da ya ji sunan sai ya ƙara kallonsa, har sai an gaya masa giyar mota ake nufi. Tun yana saurayi yake jan motar haya a cikin gari. Abin alfaharinsa shi ne ya canja giya fasinja na riƙe da kofin shayi, ko ɗigo bai zuba ba.

Ba ya ga-maciji da masu mota otomatik. A ganinsa su ne ke haddasa cunkoso. Motarsu tana rarrafe da kanta, don haka suke manne wa ta gabansu, su taka birki, su saki, su sake takawa, hannu ɗaya na kan waya. Shi kuwa sai ya bar tazara, ya sa giya ta ɗaya, ya bar mota ta gangara a hankali. Kafin ya ƙifta ido wani mai otomatik ya cusa hanci a tazarar, shi kuma ya yi ta mita har a sauke fasinjan ƙarshe.

Cunkoson nan ne ya cinye masa gwiwar hagu. Taka kulochi, saki kulochi, tun daga safe har la'asar, shekara da shekaru. Da ta kai sai ya dafa bango yake tashi daga tabarma, likita ya ce ko ya bar kulochi ko ya bar tuƙi. Barin tuƙi kuwa shi ne abin da ya fi tsoro a duniya, don bai san kansa ba in ba a bayan sitiyari ba. Babbar 'yarsa da mijinta suka sayar da tsohuwar motar, suka kawo masa otomatik. 'Yan tasha suka sami abin yi, kowa sai ya zo ya yi masa barka, wai Sarki ya tuba ya bar giya.

Ranar farko, yana fita daga shataletale, kunnensa ya ji inji na neman giya ta biyu. Ƙafar hagu ba ta yi shawara da kowa ba, ta tafi neman kulochi, ta tarar da faffaɗan birki, ta danna shi har ƙasa. Fasinjoji suka yi sujada ba shiri, na bayansa ya ɗosana masa mota. Ya gwada cire takalmin hagu don ya riƙa tunawa. Ya gwada naɗe ƙafar a ƙarƙashin kujera, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. In ya kula da ita sai ta zauna lafiya, da ya shiga hira sai ta koma halinta.

Ana nan wata safiya ya ɗauki wata mata da jaririya a cinya. Ƙafar ta sake yi, kuma da ƙyar uwar ta tare kan jaririyar da hannu. Babu wanda ya ji ciwo, amma ya sauke su, ya koma gida, ya rataye makulli a ƙusa. Ya ce wa matarsa ba zai ƙara ɗaukar ran mutane a kan ƙafar da ba ta jin maganarsa ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, bai kuma ɓoye ba.

Ita matar tasa, tun suna da ƙuruciya ya taɓa kai ta fili don koya mata tuƙi. Duk sakin kulochi sai mota ta mutu, shi kuma ya yi ta faɗa, har ta fito ta ce ta yafe. Yanzu ga mota a ƙofar gida, ga shi ana son a riƙa kai shi asibiti gashin gwiwa. 'Yar ta ɗauki uwarta zuwa fili. Ƙafar hagun uwar ba ta da wani tsohon hali da za ta manta, don haka ba a daɗe ba ta iya.

Ranar da ta fara kai shi, suka faɗa cikin cunkoso. Ya zauna a kujerar fasinja yana jiran ta manne wa ta gabanta ya sami abin faɗa, sai ya ga ta bar tazara, irin wadda ta yi shekara da shekaru tana jin yana wa'azi a kai. Hannunsa dai yana ta motsi a kan cinya, ɗaya, biyu, ɗaya, ƙafar kuma tana danna daɓen mota. Matar ta shiga harabar asibiti, ta tsaya, ta kashe mota, ta dubi ƙafar tasa da ke tokare har lokacin.

"Malam," ta ce, "saki kulochin haka nan, mun iso."