Mai Zanen Ƙwan Ista

A kasuwar garin Rădăuți, gab da bikin Ista, na ga wata dattijuwa mai baƙin kallabi tana zanen ƙwai da kakin zuma. Hannunta na rawa kamar harshen wutar kyandir ɗin gabanta. A nan an san mai fushi ba ya zanen ƙwai.

"Inna Paraschiva, ke da wa kuma?" in ji mai cukun gefenta.

"Ni da 'yata. Ji da cukunka."

Ina jin ita da 'yar sun daɗe ba sa magana da juna. Ta yi alamar gicciye ta ce: "Yesu, tattaro mini hankalina, ka riƙe hannun nan."

Layin da take ja a jikin ƙwan ya karkace. Ta ciro waya daga aljihu, ta zuba mata ido. Har na wuce ba ta kira 'yar ba.