Kifin Ruwan Sanyi da Man Shanun Maigidana

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana aiki a ɗakin sanyi na wani shagon kifi a unguwar Shisha, a Makka. Tallaja suke ce wa ɗakin. Da likita ya hana shi maiƙo saboda zuciyarsa, na ɗauke kwalbar man shanu na ɓoye a bayan buhun shinkafa. Sati biyu yana cin tuwo da miyar kuka kamar mai shan magani.

Wata rana ya dawo da hujja. Wai abokin aikinsa ya faɗa masa cewa kifin da ake kawo musu, kiwonsa ake yi a teku mai sanyi, kuma sai an cika abincinsa da mai, in ba haka ba ba ya girma. To shi ma a sanyi yake wuni, saboda haka hukuncinsu ɗaya. Na ce masa a Makka muke, ko tantabara inuwa take nema. Ya ƙure na'urar sanyaya ɗaki, ya sa rigar aikinsa mai kauri, ya zauna gaban tuwo yana karkarwa yana kallona.

Kwana uku muna haka, har na kamu da mura. Na ce mu je likita ya raba gardama. A tasi ma bai bar direba ya huta da bayanin ba.

Likitan ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce gaskiya ne, amma man kifi ake ba kifin, ba na saniya ba, kuma kifin wuni yake iyo. Ya ce ya riƙa cin kifin sau biyu a mako, ya riƙa tafiya a ƙasa. Maigidana kuwa mutum ne da ko ƙarnin kifi ba ya so a kwanonsa.

Muka kama hanyar komawa unguwarmu, Hindawiyya. Sai da muka kusa gida ya ce, "Hajiya, ko rabin cokali? Ranar Juma'a kawai."

Na ce, "Rabi, Alhaji. Kuma ni zan auna."

Haka muka yi har ƙarshen zamanmu. Wasu Juma'o'in hannuna ya ɗan yi nauyi, awon ya wuce rabi, ya gani, ya ci abinsa. Likita kuwa ban taɓa faɗa masa ba.