Gem ɗin Nafisa da Bajimin Sanda

Ranar Laraba, kwana huɗu bayan babbar sallar bara, ina zaune a tsakar gidana a Gummi ina tsince wake, mai babur ya sauke Nafisa a ƙofar zaure. Ɗiyar ɗana na biyu ce, shekararta goma sha uku, an turo ta daga Gusau ta yi mini hutun mako uku. Ta gaishe ni a tsaye, na ce ta koma ta durƙusa, ta durƙusa tana dariya. Ko ruwa ba ta sha ba ta zaro wani baƙin abu daga jaka, bai fi tafin hannu biyu ba, da gilashi a tsakiya da madannai dama da hagu. Ta ce gem ne, na yayanta ne ya ba ta aro, ranar da ta koma zai karɓe abinsa, ita kuwa ta ci alwashin sai ta ga ƙarshen labarin da ke ciki kafin ranar. Ta zauna gindin dogon yaro ta miƙe ƙafa, manyan yatsunta biyu suka kama aiki. Ni kuwa rabin tsakuwar da na tsince, cikin waken na mayar da ita.

Ban taɓa zama gaban malami ba, rubutun da ke fitowa a gilashin nan da sawun kaji duk ɗaya ne a wurina. Amma ido Allah ya ba ni, kuma kwana uku ina leƙe ta bayan kafaɗarta na gane abin. Wani yaro ne a ciki da takobi, Nafisa ta raɗa masa Audu. Yatsan hagu ke tafiyar da shi, na dama ke sa shi sara ko tsalle ko birgima. Akwai jan layi a sama, shi ne jininsa, in ya ƙare yaron ya faɗi. Yana shiga daji ya kashe wasu dabbobi kamar kuraye masu kan ƙarfe, su zubar da shuɗayen duwatsu, ya kwashe ya kai wa maƙeri, takobinsa ya ƙara tsawo. Nafisa ta ce akwai wani gem da aka fara yi, wanda yaron ya riga ya zama babban mutum yana yaƙi da wata matsafiya, matsafiyar kuwa ƙanwarsa ce. Wannan daga baya aka yi shi, amma labarin ƙuruciyarsu yake bayarwa, yadda aka yi suka raba hanya. Na ce to, an ba ku labarin ɗaurin aure bayan kun ci tuwon sunan jika.

Aibin abin ba ya ƙirguwa, kuma ban ɓoye mata ba. Kura ɗaya ce suke ta rina ta, yau ja, gobe kore, su ce wata ce daban. In yaron ya matsa jikin bango sai gilashin ya nuna miki bangon, ana can ana dukansa ba ki gani. Sai ya yi tafiyar da ta kai daga nan zuwa Bukkuyum a fili fetal, ba mutum ba dabba. Ga rashin tarbiyya.

Na ce, "Wanga yaro ba shi da uwa? Shi faɗa gidan mutane ba sallama, shi farfasa musu tukwane?"

Ta ce, "Kaka, magani yake nema a ciki."

Na ce, "Shi zo gidana, ni ka ba shi magani."

Babban aibin shi ne rijiya. Gem ɗin ba ya riƙe inda aka kai sai yaron ya isa wata rijiya ya sha ruwa, rijiyoyin kuwa nesa da juna, kuma in faɗa ya kaure ba a iya tsayar da shi. In aka ajiye abin, kuraye su cinye yaron, duk wahalar da aka sha tun daga rijiyar baya ta tafi a banza. Ranar da na gane wannan na fara abin da nake son in faɗa a nan. Sai in bar ta ta yi nisa, in hango rijiyar ta fara bayyana a gilashi, sannan in ɗaga murya. "Nafisa! Taho ki miƙo min ludayi." Ludayin yana gefen ƙafata. Ta ce, "Kaka don Allah minti biyu!" In ce, "Ni za ki ba minti? Ubanki ma bai ba ni minti ba." Ta taso idonta da ƙwalla. Na gaya wa kaina tarbiyya nake yi mata. Ƙarya ce, na san abin da ke cina, don na taɓa jin irinsa tun ina ƙasa da shekarunta.

A Adabka aka haife ni, gidan manoma, rumbuna huɗu a tsakar gida da turken awaki a bayan ɗakin Inna. Bayan an cire gero Fulani kan sauka a gonarmu shanunsu su bar mana taki, kuma da su wasan shanun laka yake zuwa. Yara maza su gangara fadama su ɗebo laka, su cuɗa ta da gashin akuya, su gina bajimai da tozo da ƙahoni, su shanya su a inuwar rumbu kwana bakwai don kada rana ta tsattsaga su. Da la'asar a taru gindin tsamiya. Kowa ya riƙe nasa a tafin hannu, babban yatsa a bayan tozo, a haɗa su karo. Wanda ƙahonsa ya fara karyewa ya faɗi, wanda ya ci a yi masa zane ɗaya a kwiɓi da ƙayar aduwa. Yayana Sanda yana da wani baƙin bajimi mai zane goma sha ɗaya. Ko Buba, ɗan Fulanin da ya fi kowa iya gini, wanda ke kiran nasa ngaari da bakinsu, bajimai uku ya gina don wannan baƙin, duk ukun suka bar ƙaho a gindin tsamiya.

Ni kuma ina ina? Ina nan, goye da ƙanena, da tulu ko ƙwarya ko taɓarya. Da safe surfe, da hantsi in kai fura gona, da rana wanke-wanke, da la'asar ɗibar ruwa. Hanyar rijiya ta gindin tsamiyar ta bi, sai in rage tafiya, in tsaya da tulu a ka har wuyana ya sage, ina kallo. Na san kowane bajimi da zanensa, na san Sanda yana karkata hannu kaɗan kafin karo, na san da ni ce da ta ƙasa zan ɗauko ƙahon Buba. Da zarar abin ya yi daɗi sai muryar Inna ta tsallako danga: "Kulu! Mi hannunki ka yi?" Ban taɓa ganin karo ɗaya daga farkonsa har ƙarshensa ba.

Sau ɗaya na roƙi Sanda. Na same shi bayan rumbu yana goge bajimin da gefen rigarsa, na ce ya bar ni in riƙe shi ko da ba a yi karo ba, in ji nauyinsa kawai. Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Hannunki kullum cikin ruwa, ki jiƙa min shi?" Ba da mugunta ya faɗa ba, gaskiya ya faɗa, kuma shi ya koya mini hanya. Ranar da Buba zai kawo bajiminsa na huɗu, da maza suka fita gona da sassafe na zaro baƙin daga ƙarƙashin rumbu, na tona jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randar Inna na binne shi. Da azahar na tono shi na sa a iska bayansa ya bushe, na mayar da shi inda yake. Ranar ce kaɗai na riƙe shi, kuma ko nauyinsa ban tsaya ji ba saboda tsoro.

Da la'asar na tsaya da tuluna. Karon farko kan bajimin Sanda ya cire ɗungurungum, ya gangara har gaban ƙafar Buba. Yara suka kaure da ihu. Sanda bai yi kuka ba. Ya ɗauki kan, ya murza wuyan da yatsa, ya ga cikin ɗanye ne. A gidanmu wuri ɗaya ne ke da danshi a wannan lokacin, kuma mutum ɗaya ke zuwa wurin. Ya dube ni, ya zuba ɓaraguzan a aljihu ya tafi. Bai gaya wa Inna ba, bai doke ni ba, kuma bai sake gina bajimi ba. Da ya daina zuwa, wasan ya yi sanyi, kafin Fulani su tashi gindin tsamiya ya koma wurin ɗaure jaki. Kallon ma da nake yi na rasa shi.

Shi ya sa da gem ɗin ya zo kan ƙanwar yaron na ji raina ya ɓaci. Tun farko sun tsayar da ita a ƙofar gida kusa da turmi, duk sanda ya dawo magana ɗaya take yi masa, wai ya kula da kansa. Sai rana ɗaya ta tsinci wani baƙin dutse, idonta ya yi ja, ta zama muguwa. Na ce wa Nafisa waɗanda suka ƙera abin nan ba su san hassada ba. Sun ɗora wa dutse laifi. Yarinyar da aka tsayar a ƙofa tana kallon wani yana fita yana dawowa da labari, ba ta bukatar dutse.

Ana gobe za ta koma, saboda kiraye-kirayena Nafisa ba ta gama ba. Saura hawa wata doguwar hasumiya, kuma ta ce daga ƙasa har sama babu rijiya ko ɗaya. Ta zauna bayan azahar, ko kallona ba ta yi, kafaɗunta a ɗage kamar mai jiran duka. Tana tsakiyar hawa awaki suka tsinke suka afka wa geron da na shanya, ruwan tuwo kuma yana tafasa yana kashe wuta. Wannan karon kira na gaskiya ne, ba wanda zai ce na zalunce ta. Na cika baki da sunanta. Sai na dafa turmi na miƙe, gwiwoyina suna ƙara, na bi awaki da kara ni kaɗai, na ɗaure su, na dawo na talga tuwo. Har la'asar ta yi ban kira ta ko sau ɗaya ba.

Ihunta na ji. Ta zo da gudu tana cewa ta gama, amma ƙarshen bai yi daɗi ba, duk wahalar nan sai rubutu ya yi ta hawa gilashi shi ke nan. Sannan ta tsaya ta dube ni, ta dubi awakin, ta ce, "Tsohuwa, yau bakinki ciwo yake yi?" Na ce ta kiyaye ni. Ta miƙo mini abin ta ce, "Karɓi ki gwada, na san kina so." Na goge hannuna a zane har sau biyu na karɓa. Da ɗumin hannunta a jikinsa. Ta ɗora mini yatsa a kan madanni, yaron ya yi taku uku, gilashin ya yi baƙi. Caji ya ƙare, wurin mai cajin kuwa sai bakin kasuwa, kuma da sassafe mai babur zai zo.

Yaran yanzu a aljihu suke yawo da gindin tsamiyarsu, mace da namiji, in an faɗi a tashi a sake. Namu na laka ne, in ya karye ya karye. Sanda ya ƙare rayuwarsa a Anka, mun yi zumunci har ya bar duniya, ya yi mini duk abin da wa ke yi wa ƙanwa, kuma daga ni har shi ba wanda ya taɓa ɗauko zancen. Taku uku na samu a wasa, da furfura a kaina. Har yau ina jin haushin yarinyar nan, kuma na aika a sake turo mini ita.