Malama Babba, Uwar Wanda Gwamnati Ta Ce Yana Raye

Haihuwa da Karatu

An haifi Malama Babba a shekarar 1951, a unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa ta garin da ta rayu ta kuma rasu a cikinsa. Mahaifinta mai gyaran birki ne, mahaifiyarta tela. Ta kammala makarantar horon malamai mata a 1970, kuma tun a can aka shaide ta da rashin iya yin shiru idan an shirga ƙarya a gabanta.

Aiki da Iyali

Ta shafe rayuwar aikinta tana koyar da 'yan aji uku. A 1972 ta auri wani direban motar asibiti, Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar kafin rasuwarsa a 1990. Na ƙarshensu shi ne Auta, mai gyaran famfo, wanda ya yi aure a 2002.

Ƙawanyar Gidan Bene

A 2004 Auta ya shiga wani gidan haya mai hawa uku a bayan kasuwa domin gyaran bututun da ya fashe. Yana ciki 'yan sanda suka yi wa gidan ƙawanya, bisa zargin 'yan fashi sun ɓuya a hawan sama. Aka yanke ruwa da wuta, aka hana shiga da fita. Kullum Malama tana tsaye da kwanon abincinsa a bakin igiyar da aka gitta a titi, har ranar da aka buɗe wuta, gobara ta cinye gidan. An kwashe gawarwaki a rufaffun motoci, ba a ba kowa tasa ba. Sanarwar gwamnati ta ce 'yan fashi kaɗai suka mutu, sauran mutane, har da Auta, sun tsere ta baya. Gidan kuwa ba shi da ƙofar baya.

Shekarun Kwamitoci

Da jama'a da jaridu suka matsa lamba, aka kafa kwamitin bincike. Shugaban kwamiti na farko ya tafi duba lafiyarsa, bai dawo ba. Kwamiti na biyu ya yi ta ɗage zama saboda babu man janareta. Na uku ya ziyarci wurin bayan an rushe gidan an mai da shi tashar mota, suka ɗauki hoto suka tafi. Duk zaman da aka yi Malama tana kujerar gaba, abin da take nema kalma biyu ce daga bakin hukuma: ya rasu.

A 2009 lauyan gwamnati ya ce mata, "Mama, ki kwantar da hankalinki, ɗanki zai neme ki."

Ta ce, "Ɗan nan, yaron da ko shago zai je sai ya leƙo ya ce 'Inna, na fita'? Ka gaya wa iyayen gidanka, ko su ba ni gawarsa, ko su ba ni lambar wayarsa."

Ita da kanta ta raka matar Auta gaban alƙali aka raba auren, tana cewa, "Je ki yi rayuwarki, jiran nawa ne." Amma da babban ɗanta ya roƙe ta a yi wa Auta sallah kowa ya huta, ta ƙi, ta ce sai waɗanda suka kashe shi sun faɗa da bakinsu.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a 2021, kwamiti na biyar bai miƙa rahotonsa ba. Bisa wasiyyarta, an aika ofishin kwamitin cewa su sanar da Auta mahaifiyarsa ta cika, aka kuma jinkirta jana'iza har bayan la'asar. Sannan aka sallace ta, aka binne ta kusa da mijinta. Allah ya gafarta mata.

Ta bar babban ɗanta, malamin makaranta. Da 'ya'ya mata biyu, nas da lauya. Da ƙaninsu direba. Da kuma Auta, mai gyaran famfo, wanda har yau gwamnati ta ce yana raye.